Rahoton Sakatare na Shekarar 2024: Tafiyar Mambila, Fitar Shan Iska da Bashin Kuɗin Wata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayen ƙungiyarmu ta mahaya mashin, Alhaji Shugaba, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa, ga rahoton shekara kamar yadda tsarin mulkinmu ya ɗora wa sakatare. Tun makon farko na Janairu ya kamata ya iso hannunku. Abin da ya riƙe shi shi ne ni da Malam Ma'aji mun ƙi rufe littafi, muna ta jiran mutanen da tun watan Oktoba suke ce mana gobe in sha Allahu za mu ga alat. Mun jira har mun gaji, muka rufe shi yadda yake. Wanda ya ji an karanta sunansa cikin masu bashi ranar taro, kada ya ga laifina.

Taron wata an yi tara cikin goma sha biyu. Na Maris ya faɗa cikin azumi, na Yuni ya zo daidai da Babbar Sallah, na Agusta kuwa mutum huɗu suka zo, muka yi addu'a muka tashi. Mun je ta'aziyya gida uku da suna biyu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya jariran.

Kuɗin wata

Sunaye 46 ne a rajistarmu. Mutum 15 suka biya na shekarar cif. Mutum 12 sun fara suka tsaya, yawancinsu daga watan Afrilu. Sauran 19 ko sisi ba su ba da ba, a cikinsu ma akwai waɗanda tun 2023 ake binsu.

Na san halin da ake ciki, ni ma a kasuwar nan nake awon masara. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Taya ta tashi, baƙin mai ya tashi, fulogi ma da ake saye da canjin aljihu yanzu sai an yi lissafi. Babu mai musun wannan. Amma kuɗin watanmu naira 1,000 ne tun ranar da aka kafa ƙungiya, ba mu ƙara ko kwabo ba. A ƙarshen 2024 kuɗin wata guda bai kai kuɗin litar mai ɗaya ba. Mutumin da nake gani kowace yamma yana zarya tsakanin Wunti da Yelwa a kan ƙaton mashin, in ya ce mini ba shi da naira dubu a wata, ina jin nauyin ƙaryata shi, amma zuciyata ba ta yarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda karɓar kuɗin ya koma kamar bara. Da katin wayata nake kira, mutum ya ga lambata ya ƙi ɗauka, in mun haɗu a masallacin Juma'a ya sauya sahu. Ba albashi ake biyana ba, haka shi ma Ma'aji. Wanda ba zai iya ci gaba ba ya faɗa mana a fili, mu cire sunansa cikin mutunci, zumunci yana nan daram. Akwai 'yan uwa biyu da suka zo suka gaya mana gaskiyar abin da ke damunsu, kwamiti ya yafe musu na shekarar, kuma ba mai jin sunayensu daga bakina.

Ayyukan da ba su kammalu ba

Rajistar ƙungiya da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba ta kammalu ba, kuma na ji ana raɗe-raɗin cewa sakatare ne ya zauna a kan takardu. To ga yadda abin yake. Rajistar ƙungiya irin tamu sai da amintattu, kowannensu da katin shaidarsa da hotonsa da sa hannunsa, sannan a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai zo da ƙorafi. Amintattu biyar muka zaɓa. Uku sun kawo nasu tun watan Fabrairu. Biyu har yau ina bin su, ɗaya ma sau biyu ina zuwa har ƙofar gidansa. Kuɗin jarida da na lauya daga kuɗin wata aka ce za a fitar, kun kuma ji yadda kuɗin watan yake. Fayil yana wurina, mai son gani ya zo ya buɗe.

Riguna masu ƙyalli guda 30 muka ba tela kafin alƙalaminsu. Kafin mu haɗa ciko farashin yadin ya sauya, ya ɗinka 12 da abin da ke hannunsa ya tsaya. Ban ga laifinsa ba. Su ne muka sa a tafiyarmu ta tsaunin Mambila da ke jihar Taraba.

Horon taimakon gaggawa kuwa shi ne wanda har yanzu in na tuna nake jin kunya. Wani ma'aikacin jinya, ƙanin ɗaya daga cikinmu, ya yarda zai koya mana kyauta: yadda ake tsayar da jini, yadda ake ɗaure karaya kafin a kai asibiti, da dalilin da ya sa ba a fizge hular kwano daga kan wanda ya faɗi ana zargin ya bugu a wuya. Bawan Allah ya baro aikinsa ranar Asabar, ya zo da jakarsa da bandejinsa, ya zauna a gindin dalbejiya awa biyu. Mutum biyar muka zo. Ni na ba shi haƙuri, ni na raka shi bakin titi. Ba zan sake roƙonsa ba sai na ga sunaye a rubuce.

Gardamar da ta cinye mana rabin shekara

Kowa ya san abin da ya faru a zaurenmu na WhatsApp daga Janairu zuwa Yuni. Ƙungiya ta rabu biyu, har kowane ɓangare ya samu laƙabi, 'yan dogon zango da 'yan shan iska.

'Yan shan iska suka ce mashin abin jin daɗi ne, bai kamata ya zama azaba ba. Mai iyali da shago ba zai ɓace mako guda ba. Mai ya yi tsada. Tsakanin Bauchi da Gombe kaɗai akwai Yankari, Sumu, duwatsun Dass, Dadin Kowa da Tula, kuma da yawanmu ba mu taɓa zuwa rabinsu ba. Mene ne amfanin cin kilomita ɗari uku a rana kana kallon tayar na gabanka? Suka ƙara da cewa ɗaukar jagora tamkar biyan mutum kuɗi ne don ya riƙa yi maka tsawa, ya ce tashi, ya ce tsaya, kamar ɗan firamare.

'Yan dogon zango suka ce wanda iyakarsa kilomita arba'in bai san mashin ɗinsa ba, bai kuma san abokan tafiyarsa ba. Suka tunatar da mu cewa a shafin farko na tsarin mulkinmu mun rubuta za mu san ƙasarmu, kuma ƙasar ba a Dindima, nan kan hanyar Gombe, ta ƙare ba.

Ni kaina, ba ɓoyayyen abu ba ne, ina ɓangaren 'yan shan iska, har na yi zafi a wasu lokutan. Kwamiti ya raba gardama da cewa za a yi gajerun fita uku da doguwa ɗaya. Doguwar masu zuwa ne za su ɗauki nauyin kansu, asusu zai biya rabin ladan jagora da rabin man motar rakiya kawai.

Gajerun fita

Ɗaya ce ta yiwu cikin uku. A watan Fabrairu muka je Kafin Madaki da Sumu. Mutum 23 suka rubuta suna, aka yi odar abincin mutum 23, takwas suka zo. Waɗanda suka zo sun ci riba. Mun bi hanyar Ningi a hankali, muka shiga gidan Madaki, ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi wajen 1860, shi ne kuma maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Mun daɗe muna ɗaga kai muna kallon bakan gizon da ke riƙe da rufin, ƙasa ce da azara kawai, ga su nan tsaye bayan shekara sama da ɗari da hamsin. A Sumu yara biyu da aka zo da su a motar Alhaji Shugaba suka ga raƙumin dawa da jakin dawa, irin waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006. Kafin la'asar sakaliya kowa yana gidansa. Ragowar abincin almajirai muka ba, kuɗinsa kuwa daga asusu ya fita.

Ta Dass a watan Yuli ruwan sama ne ya hana, wannan ba laifin kowa ba ne. Ta Yankari a Oktoba kuwa mu muka kashe ta. Shirin shi ne mu bi hanyar Gombe, mu karya kwana a Dindima, mu ajiye mashina a ƙofar Mainamaji, mota ta shiga da mu Wikki mu kwana ɗaya, mu yi wanka a ruwan ɗumin nan da zafinsa ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina. Ana buƙatar kuɗin kama ɗaki da na mota tun da wuri. Mutum shida suka biya. Ma'aji ya mayar musu da kuɗinsu.

A nan sai na faɗi abin da ke raina, ko da zai ɓata wa wasu. Mutanen da suka fi kowa ɗaga murya cewa a bar doguwar tafiya a riƙa fitar shan iska, su ne ba su zo Kafin Madaki ba, su ne ba su biya na Yankari ba. Na tsaya musu a gaban kwamiti, suka bar ni da kunya.

Tafiyar Mambila

Alhamdu lillahi. Wannan ce abin alfaharinmu na bana, kuma zan daɗe a kanta domin waɗanda ba su je ba su ji yadda aka yi.

Mahaya 11 muka tafi a ƙarshen Nuwamba, da motar rakiya ɗaya ɗauke da kaya, jarkokin mai da tayoyin ko-ta-kwana. Kwana bakwai: uku zuwa, ɗaya hutu, uku dawowa. Mitar mashin ɗina ta nuna sama da kilomita 1,500. Ni na shiga ne don kada a ce sakatare ya yi adawa ya kuma noƙe.

Jagoranmu dattijo ne, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana hawa da sauka a tsaunin, yana jin Fulatanci kamar Hausa. Baffa muke ce masa gaba ɗayanmu. Ana gobe tafiya ya sa aka jera mashina, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana tsugunnawa ya taɓa sarƙa ya ji sakinta, ya matsa birki, ya sa farce a zanen taya. Da ya zo kan mashin ɗin wani ƙaninmu sai ya miƙe ya kaɗe hannu ya ce, "Ɗana, wannan tayar ba za ta hau dutse da ni ba." Yaron ya fara roƙo, wasunmu ma suka sa baki. Baffa bai ƙara magana ba. A daren aka nemo sabuwar taya, mai faci ya ɗaura ta da hasken tocila.

Dokokinsa ba su da yawa. Ba mai wuce shi, ba mai zama bayan bakanikenmu da ke tsaron baya. Gudun ayari shi ne gudun ƙaramin mashin, mu kuwa akwai Boxer uku a cikinmu, don haka masu manyan mashina suka haɗiye son gudunsu. Hular kwano a ɗaure har haɓa. Ana tsayawa kafin a gaji, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Magariba ba ta riskar mu a kan hanya.

Ranar farko bayan sallar asuba muka ɗau hanyar Gombe cikin sanyin hunturu. Mun ƙetare gadar Dindima gari bai gama wayewa ba, Kogin Gongola yana kwance a ƙasa cikin hazo. Alkaleri, Gombe, Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham. Duwatsun ƙasar Tangale suna ta fitowa suna ɓacewa a gefenmu. Da yamma muka ratsa gonakin rake, muka hau gadar Binuwai muka shiga Numan, inda Gongolan da muka ƙetare da asuba yake zuwa ya zube a cikin Binuwai. Baffa ne ya nuna mana haka. Ni da na sha wucewa ta Dindima tun ina yaro, ban taɓa tunanin inda ruwan nan yake ƙarewa ba.

Rana ta biyu ita ce ta fi wahala. Hanyar Numan zuwa Jalingo ta gwada mu, ramuka da ƙura da gargada, wani wurin ma kwaltar ta tafi gaba ɗaya. A nan ne ɗaya daga cikinmu ya shiga rairayi da ɗan gudu, tayar gaba ta zame, ya kifa. Ina bayansa da mashin biyu, na ga kansa ya daki dutse, na ji ƙarar har cikin cikina. Kafin mu kafe mashinanmu ya tashi zaune yana salati. Ƙujewa ce a gwiwa da gwiwar hannu. Hular kwanonsa ta tsage daga goshi har wajen kunne. Tun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular nan, kuma mun sha yi mata kallon abin tsoron kamu kawai. Na roƙe shi ya ba ƙungiya hular, za ku gan ta a kan tebur ranar taro. Ɗan abin da mu biyar muka koya a gindin dalbejiya shi ya yi amfani wajen wanke ciwon da ɗaure shi.

Jalingo akwai dokar hana zirga-zirgar babura a cikin gari. Da mu kaɗai ne, da kanmu za mu kai kanmu cikin matsala. Baffa ya riga ya shirya da wani mai babbar mota tun kafin mu baro Bauchi, aka loda mashinan a bakin gari aka sauke mana su a ɗaya gefen. A kowane shingen bincike shi ke sauka, ya cire hula, ya yi gaisuwa, ya miƙa takardar sunayenmu da lambobin mashinanmu da wasiƙar ƙungiya. Ba inda aka riƙe mu fiye da kima. Muka kwana a Bali, a bakin Kogin Taraba, kowa ya yi sallarsa ta ƙasaru ya faɗi kamar an jefar da buhu.

Rana ta uku muka wuce Serti, muka isa Mayo Selbe a gindin tsauni. Nan Baffa ya tsayar da mu, ya sa kowa ya cika tanki, ya fito da rigar sanyi, alhali rana tana dukanmu har wasu suna dariya. Ya ce a hau da ƙaramar giya, a bar tazara, kada kowa ya tsaya a tsakiyar kwana, a riƙa danna ham kafin kowace kwana saboda manyan motoci masu saukowa. Daga nan hanya ta fara naɗewa kamar maciji. Dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, kwana na bin kwana. Bauchi tana wajen mita 600 ne sama da teku, saman Mambila kuwa ya kai mita 1,600, wani wurin ya fi. Iskar can ba ta da kauri, mashin mai kafireto yana rage ƙarfi, sai ka ji Boxer tana nishi kamar an ɗora mata buhu uku. Ɗaya ta fara tari tana fitar da baƙin hayaƙi, bakanike ya goge fulogi ya ɗan taɓa kafireto ta ci gaba.

Da muka ƙare hawan, duniya ta buɗe. Tuddai ne masu laushi, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido, ciyawa ta rufe su, shanu suna kiwo a kai, ga layukan bishiyar turare a bakin ƙauyuka. Masu dariyar rigar sanyi suka yi shiru. Kafin mu kai Nguroje yatsuna sun daskare, da ƙyar nake jan kulochi. Wani mai shayi ya matsa mana benci kusa da murhunsa, ya haɗa mana shayi da madarar shanu mai zafi, muka riƙe kofunan da hannu biyu-biyu ba mai magana. Wani dattijo cikin mahayanmu, wanda ya haura sittin kuma aka yi ta ba shi shawarar ya hau mota, ya juya ya kalli hanyar da muka biyo, na ga hawaye a idonsa, yana ta maimaita alhamdu lillahi. Mun shiga Gembu kafin magariba, mu goma sha ɗaya, kowa a kan mashin ɗinsa.

Ranar hutu mun je gonar shayi ta Kakara, mun ga yadda ake tsinkar ganyen da hannu. Mun sayo ganyen shayi da zuma da ayaba.

Saukowa ta fi hawa haɗari, kuma nan ne na ƙara ganin amfanin Baffa. Ya gargaɗe mu cewa wanda ya dogara da birki kaɗai a gangara mai tsawo, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. A bar mashin a giya, inji ya riƙe shi, kada wanda ya kashe inji ko ya sa firi don tsimin mai. Sau biyu ya tsayar da mu don birki ya huce. Na kai hannu kusa da dirom ɗin tayar bayana, zafin ya sa na janye da sauri. A rana ta bakwai bayan la'asar muka shigo Bauchi, iyalai da wasu 'yan uwa suna jiranmu a bakin gari. Muna godiya ga Alhaji Shugaba da ya ba da motarsa da direbansa, da bakanikenmu da bai karɓi ko sisi ba, da matan gidajenmu da suka yi mana dambun nama da ƙuli-ƙulin guzuri.

Abin da na gani

Na tafi ina adawa, na dawo ra'ayina ya sauya a kan abu guda: jagora. Kuɗin da muka ba Baffa, wanda aka yi ta cewa ɓarna ce, shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a littafin Ma'aji na bana. Tsawar da ake gudu ita ta dawo da mu gida cikakku. Na kuma ga abin da wahala take yi wa mutane. Akwai 'yan uwa biyu da suka shekara ba sa ga-maciji saboda wani tsohon cinikin mashin, a hanyar Bali na ga ɗaya yana riƙe wa ɗaya tocila suna gyaran sarƙa. Matasanmu sun koyi tafiya a layi, sun koyi duba na baya a madubi. Fitar yini ɗaya ba ta koyar da wannan.

Amma hujjar 'yan shan iska tana nan da ƙarfinta, ba zan ɓoye ba. Mun wuce mararrabar Tula a Kaltungo ba mu hau ba. Mun ratsa Serti, hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti wanda ya fi kowanne girma a Najeriya, iyakarmu shan ruwa a bakin titi. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan da mita 2,419, labarinsa kawai muka ji. Awa biyun da na yi a gidan Madaki ina kallon rufi, ban samu irinsu ba ko sau ɗaya cikin kwana shida na kan hanya. Dattijonmu ya yi mako biyu yana jinyar baya. Kowannenmu ya kashe abin da zai riƙe gidansa na wani lokaci. Kuma mutum 11 ne cikin 46. Ƙungiyar da duk shekararta tafiya ɗaya ce da kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ke iya zuwa, sauran za su watse a hankali. Sabbin membobi uku da muka samu a bana, dukkansu ta fitar Kafin Madaki suka shigo.

Abin da ya kashe gajerun fitarmu shi ne an ɗauke su abin wasa. Mai zuwa Mambila ya biya kuɗinsa wata guda kafin tafiya, don haka ko ana ha-maza-ha-mata sai ya zo. Mai zuwa Sumu kuwa ɗaga hannu kawai ya yi a WhatsApp, da safe ya ji sanyi ya ja bargo.

Saboda haka ga abin da zan gabatar wa babban taro. A ci gaba da doguwar tafiya sau ɗaya a shekara, da jagora, bayan ɗaukewar damina, a kuma ƙara kwana ɗaya a kan hanya don a riƙa tsayawa ana ganin wuri. Gajerun fita a mayar da su huɗu, Yankari ta zama ta farko tunda bashi ce a kanmu. Dokokin Baffa su hau kan kowace fita ko da dam ɗin Gubi na nan kusa za a je: duba mashin ana gobe, hular kwano, na gaba da na baya. Ba a rubuta sunan kowa sai da kuɗinsa a hannun Ma'aji. Wanda ake bin sa fiye da wata shida ba ya jefa ƙuri'a a kan inda za a je.

Babban taro yana nan ranar Asabar ta ƙarshen wannan wata, bayan la'asar, a inda muka saba. Za a karanta lissafin kuɗi dalla-dalla, a kuma yi zaɓe. Na riga na shaida wa Alhaji Shugaba cewa in an sake ba ni sakatare zan riƙe rubutu da takardu, amma bin bashi sai dai a naɗa mutum biyu na musamman, ni na gaji. Amintattun nan biyu su taho da katin shaidarsu da hotuna. Wanda famfon ƙungiya da akwatin sifanu suke hannunsa tun dawowarmu daga Gembu, don Allah ya zo da su.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya, Bauchi